Wa Ya Ga Malam Tukur a Bakin Jinga?

Salatin Mairam na jiyo ta saman katanga. Na jefar da muciya, na zari hijabi na faɗa gidan. Mijinta Malam Tukur yana kwance a tsakar gida kusa da randa, buta a kife a gefensa, bakinsa ya karkace, idanunsa a buɗe suna kallonmu.

"Maman Umaima, ki taimake ni, na kasa ɗaga shi," in ji ta.

Na fito da gudu. An idar da la'asar, mazan layinmu duk suna majalisa a gindin darbejiya, har da maigidana Sa'idu. Adaidaitar Ɗan'auta tana fake a gefe.

"Malam Tukur ya faɗi. A zo a kai shi asibiti."

Aka ce "Subhanallahi", aka ce "Allah ya sawwaƙe". Babu wanda ya miƙe. Wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli Alhaji Sunusi mai injin casar shinkafa, shi kuma ya duƙufa a kan wayarsa. Sa'idu ya jawo takalminsa, da ya ga ba wanda ya motsa sai ya sake shi.

Abin ya samo asali ne tun daminar bara. Kogin Haɗeja ya cika, jingar da mutanen unguwa suka yi da buhunan ƙasa don tare ruwa ta ɓalle, shinkafar kowa ta nutse. Ta Malam Tukur ce kawai ta tsira, don gonarsa a kan ɗan tudu take. Kafin ruwa ya janye magana ta fito: wai an gan shi da fartanya a bakin jinga, shi ya fasa don ruwan ya kauce wa gonarsa. Wa ya gan shi? An ce. Wa ya ce? Kowa ya sani. Aka tuna cewa kakansa da shanu ya zo garin nan, alhali a layin nan aka yanke wa Malam Tukur cibi.

Babu wanda ya zage shi a fuska. Sallama za a amsa masa a taƙaice, a ci gaba da hira. Aka daina kiransa suna da ɗaurin aure. In ya kai shinkafa inji, sai a ce layi ya yi tsawo, ya dawo gobe. Mutumin da in ya yi dariya har ƙarshen layi ake ji, ya koma daga gona sai masallaci sai ɗaki. Hawan jini ya kama shi.

Na taɓa tsare Sa'idu yana cin tuwo. "Baban Umaima, tsakaninka da Allah, ka yarda ya yi?"

"Ina fa. Ranar tare muka yini muna ɗura ƙasa a buhu. Fartanyar ma da ake magana tawa ce ya ara."

"To ka faɗa a majalisa mana."

"Duk unguwa ta yarda, ni kaɗai zan tashi in ce a'a? Sai a ce da ni aka yi."

Na yi ta faɗa wa mata a gidajen biki, sai dariya ake yi mini, wai na cika ɗaukar zafi. Amma a kaɗaice matar wannan za ta raɗa mini cewa mijinta ma bai yarda ba, matar wancan ma haka. Kowa na jin tsoron taron da shi ne a cikinsa.

Shi ya sa ranar nan, da na ga suna kallon juna mutum yana kwance a ƙasa, raina ya gama ɓaci. Na daina cewa "a zo". Na nuna da yatsa.

"Ɗan'auta, da kai nake. Tayar da adaidaitarka. Baban Umaima, tashi ka kama masa kafaɗa. Tasi'u, kai kuma ƙafafu."

Suka miƙe zumbur. Suna miƙewa sai ga majalisa gaba ɗaya ta tashi, kowa na ba da umarni, Alhaji Sunusi na cewa a yi a hankali da kansa. Har suka cika tsakar gidan da rabonsu da shi tun bara.

Malam Tukur bai sake magana ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ka. Na je na gan shi an sa masa ƙarin ruwa, Mairam tana goge masa baki da gefen mayafinta. Ya daɗe yana kallon Sa'idu. Sa'idu kuwa ya ƙura wa ƙasa ido. Kafin Juma'a ta zagayo ya cika.

Jana'iza ta yi jama'a. Kwanon abinci ya riƙa shigowa daga gidajen da suka daina aiko masa ko kunun suna. Maza suna zuwa bakin labule ɗaya bayan ɗaya su yi wa Mairam gaisuwa, kusan kowa sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Ni dama wallahi ban taɓa yarda da maganar nan ba."

'Yarsu Adila ta dawo daga jami'a, inda take karatun halayyar jama'a. Tana zaune kusa da ni tana saurare, idonta babu hawaye.

"Umma, wannan abin muna yin sa a aji," ta ce da ni. "Yadda mutum shi kaɗai yake da tunaninsa, in ya shiga taro ya ajiye shi. Har jarrabawa na rubuta a kai, na ci. Ina can ina rubutawa, ana nan ana yi wa Baba."

Ta miƙe ta tsaya a bayan labulen zaure, inda maza suke zaman makoki.

"Iyayena, ku yi haƙuri da ni. Tambaya ɗaya ce. Wa ya ga mahaifina yana fasa jinga?"

Wani ya yi tari.

"To wa ya fara faɗa?"

Alhaji Sunusi ya ce, "'Yata, yau ranar addu'a ce. Abin da ya wuce ya wuce." Aka ce haka ne, haka ne, aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Sai a lokacin na ji muryar Sa'idu, can ƙasa-ƙasa: "Tare muke da shi ranar. Bai yi ba." Aka ce ai dama an sani, Allah ya jiƙansa. Da ya shigo gida na ajiye masa abinci ban kalle shi ba.

Bayan addu'ar bakwai na raka Adila fadama, don Mairam tana takaba, shinkafar rani kuma ta kusa yanka. Mun tarar da tsuntsayen jan-baki sun sauka a cikinta. Igiyoyin da mahaifinta ya ɗaura wa gwangwanaye suna nan daga wannan kunya zuwa waccan, bakinsu a ɗaure jikin rumfar da yake zama. Adila ta cire takalmi ta hau rumfar, ta naɗe igiyar a hannu ta ja. Gwangwanaye suka yi ƙara, tsuntsayen suka tashi, suka kewaya, suka sake sauka can ƙarshen gonar. Ta gyara zama, ta sake ja.