Waiwayen Nicodemus

A wasan badminton na mutum biyu-biyu akwai doka guda da ake koya wa ɗan wasa tun bai iya riƙe raket ba: idan kana gaba kusa da raga, abokinka yana bayanka zai saro ƙwallo, ba ka waiwaye. Ƙwallon ta gashin tsuntsu ce, ba ta da wani nauyi, amma kanta da tauri, kuma girmansa daidai da kwarmin ido. Duk Kazaure babu wanda ya fi Nicodemus sanin wannan doka. Amma shi ne ya waiwaya.

Shekara goma sha ɗaya suna wasa tare da Yakubu, a ɗakin taron wata makarantar sakandare inda suka ja layukan fili da fenti da hannunsu. Yakubu malamin firamare ne a Roni, kullum bayan la'asar yake tahowa a kan babur. Nicodemus mai walda ne, iyayensa daga Filato suka zo, amma a Kazaure aka yanke masa cibiya. Babu wanda ya koya musu zagaya fili. A waya suke kallon 'yan wasan China, su tsayar, su mayar baya, har suka gane yadda ɗaya ke cike gurbin ɗaya ba tare da an ce uffan ba. Yakubu ke sara daga baya, Nicodemus ke tsare raga.

Bana aka ce jiha za ta tura mutum biyu gasar ƙasa, kocinsu Malam Muhammadu Lawal ya rubuta sunayensu. Yakubu yana da shekara talatin da huɗu, ya san in wannan ta wuce shi babu wata.

Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne kafaɗarsa ta dama. Wata biyu tana damunsa. Ya shafa man zafi a gida, ya wanke kafin ya fito don kada a ji wari, saboda ya san Koci ba ya tafiya da mai rauni. Saura mako uku gasa, suna atisaye, ya yi tsalle zai sara, sai kafaɗar ta soke shi kamar an caka masa ƙusa. Ya ce, "Wash!" A hankali ma ya faɗa, waɗanda ke gefen fili ba su ji ba. Nicodemus ya ji. Ya juyo, hannun Yakubu kuwa ya riga ya sauko, ƙwallo ta same shi a ido.

A wani asibiti a Kano likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Idon hagu bai dawo ba.

To, ka san mutane da baki. Waɗanda ba su taɓa cin wasa ko ɗaya ba duk suka zama malamai. "Haba, mutum shekara goma sha ɗaya a fili, ya waiwaya kamar sabon shiga?" Har Koci ya tara sababbin 'yan wasa ya ce su ɗauki darasi daga sakacin Nicodemus. Wallahi abin da ban haushi. Nicodemus yana gida da bandeji a fuska, maganar tana isa kunnensa, bai taɓa faɗin abin da ya juyo da shi ba. Ko matarsa Helen bai gaya wa ba.

Koci ya kirawo Musaddiƙ daga Babura, matashi mai zafin nama, ya haɗa shi da Yakubu. Sunan Yakubu yana nan a takarda. Abin da ake buƙata daga gare shi kawai ya ci gaba da yin shiru, kuma ya yi shirun kwana goma sha biyu. Abinci ba ya shiga, a aji ya riƙe alli ya manta abin da zai rubuta. Yana son tafiya gasar nan kamar ransa, kuma yana jin kunyar kansa.

Ranar Laraba, Koci ya sake ɗauko zancen, yana gargaɗin Musaddiƙ. "Kai dai kada ka yi irin ta wancan."

Yakubu ya ajiye raket. "Malam, a yi mini haƙuri, ina da magana. Nico bai yi sakaci ba. Ni na yi ƙara, ya juyo ya duba ni."

"Ƙarar me?"

Yakubu ya ɗaga hannun dama a hankali, yadda bai taɓa bari a gani ba. Yana kaiwa saitin kunne ya tsaya, ya ƙi wucewa. Koci ya dube shi ya daɗe, sannan ya ciro biro ya soke sunan. Abin da ya ce kawai, "Allah Ya ba ka lafiya."

Daga nan Yakubu bai zame ko'ina ba sai gidan Nicodemus. A hanya har ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, yana tsammanin ya kai wa abokinsa abu mai daɗi. Helen ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ciki. Ya kwashe labari duka ya faɗa, ya ƙare da cewa, "Yanzu kowa ya sani. Na wanke ka, Nico. Ka yafe mini."

Nicodemus ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan shi da idon da ya rage.

"Ai tun a Kano na yafe maka. Kafaɗar nan na san da ita tun watan jiya, saranka ya canja. Kana zaton don me na yi shiru suna ta zagina?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Na ce ko ɗayanmu ya je ya tsaya a filin nan, a kira Kazaure a lasifika. Yanzu ga mu nan, ni a gida, kai a gida." Ya nuna bandejin fuskarsa. "To Yakubu, idon nawa a kan me ya tafi?"