Layi Uku na Hagu

An tsayar da bas mai lamba goma sha huɗu da ƙarfe takwas saura minti ashirin na safiyar Talata, taku sittin kafin mahaɗar babban titi, da mutum arba'in da ɗaya a ciki. Babu wanda ya ji ciwo a cikinsu. Madubin hagu ne kawai babu. Wadda ta tsayar da motar ba 'yar sanda ba ce, ba kuma ma'aikaciyar kamfanin ba. Matar direban ce, tela mai shekara hamsin da biyu, da silifas ƙafa ɗaya da shafin jarida a hannu.

Agogo ake ce wa direban a gareji, domin a shekara ashirin da shida da ya yi yana tuƙi ba a taɓa rubuta masa latti ba. Sauran wata takwas ya yi ritaya. Ba ya shan taba, ba ya zaman hira a bakin titi. Abu ɗaya ya sa a gaba, wasan lambobin nan na shafin bayan jarida da ake kira sudoku: gida tara a tsaye, tara a kwance, a cike su da ɗaya zuwa tara ba tare da lamba ta maimaitu a layi ba. Yakan dawo da jaridar da yamma, ya ninke ta ya ajiye. Da asuba, yana shan shayi, sai ya cike da fensir, ya rubuta mintin da ya ɗauka a ƙasa. Kullum kuma yakan bar gida ɗaya, ya zagaye shi. Wannan na matarsa ne.

“Ga naki nan, Tela,” yake cewa in zai fita. “Kada ki ce ban bar miki komai ba.”

“Mutane na barin gida mai ƙofa da taga, kai ka bar min na takarda.”

Shekara goma sha tara suna haka. Ba ta buɗe keken ɗinkinta sai ta cike gidan nan.

Ran Talatar ya fita shida saura kwata, kamar kullum. Tana can ciki tana gugar rigunan da za a zo karɓa, muryarsa kawai ta ji daga ƙofa. Sai bakwai da minti goma ta zo kwashe kwanuka. Ta ɗauki fensir, ta jawo jaridar, ta ga gidanta a zagaye can dama, a layi na biyu. Ta fara ƙirga layin don ta gano lambar da ta ɓace, sai ƙirgar ta ƙi. Lambobi uku ne babu a layin, ba ɗaya ba. Ta duba na ƙasa, haka. Ta ɗaga takardar zuwa hasken taga.

Layi shida na dama a cike suke da rubutunsa, tsaf, ko goge ɗaya babu. Layi uku na hagu, daga sama har ƙasa, fensir bai taɓa su ba, sai lambobin da jarida ta buga. A ƙasa ya rubuta: minti 9. Shi da bai taɓa yin ƙasa da ashirin ba.

Da farko ta ɗauka tsokana ce. Har ta fara shirya amsar da za ta ba shi da yamma, sai idonta ya sauka kan farantin. Ya cinye ƙwan da ke dama, ya share wurin da burodi. Rabin hagu yana nan kamar an yanka da almakashi. Kusa da farantin, ta hannun hagu, agogonsa ne a ajiye.

Ta zauna. Ta san farantin nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ita ta yi jinyar mahaifinta bayan jijiya ta toshe masa a ƙwaƙwalwa. Yakan ci rabin abinci ya ce a ƙaro, sai ta juya masa farantin, ya ga sauran ya yi ta mamaki. Wanda ya tsaya masa ta hagu, ko zai shekara a nan, Baba bai san da shi ba. Kuma har ya rasu bai yarda akwai abin da ke damunsa ba.

Ta kira wayar mijinta. A kashe, kamar yadda dokar kamfani ta ce. Ta kira ta kwandasta sau uku, tana ta ringi ba a ɗauka. Saura lamba ɗaya, ta gareji, wadda ya rubuta a bayan kalanda ya ce kada ta kira sai an yi mutuwa. Ta san dalilinsa. Direban da aka yi wa zargin rashin lafiya, ranar ake karɓe masa makulli, kuma da wuya a mayar. In ta yi kuskure, ta ɓata masa shekara ashirin da shida a kan ƙwai da takarda.

Ta kira.

Shugaban gareji ya ɗauka yana tauna wani abu. “Uwargidan Agogo? Lafiya dai?”

“Ranka ya daɗe, a tsayar da goma sha huɗu. Ba shi da lafiya.”

“Ni na ba shi makulli da hannuna. Garau yake, har ya tsokane ni a kan tumbina. Me ya same shi?”

“Bai gama wasan jarida ba.”

Ta ji ya daina tauna. Ta ji kuma wani a gefensa ya yi dariya.

“Hajiya, in tsayar da mota cike da ma'aikata don mijinki bai gama wasa ba? Ni shekara goma ina gwada abin nan, ban taɓa gama ko ɗaya ba, ga ni kuma da raina.”

“Ba ya ganin hagu. Ya bar hagun takarda, ya bar hagun faranti, ya bar agogonsa. Haka mahaifina ya yi.”

“Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bari dai in nemi kwandasta. In ya shigo tasha da ƙarfe takwas da kwata zan duba shi da kaina.”

“Kafin tasha akwai mahaɗa.”

“Akwai. Shekara nawa yana wuce ta?”

Ta kashe wayar. Ta san hanyar goma sha huɗu kamar tafin hannunta. Daga gareji motar kan fita wayam zuwa bayan gari, ta kwaso ma'aikatan masana'antu, ta biyo ta titin da ke bakin layinsu da takwas saura minti ashirin. Nan yakan danna hon sau biyu, ita kuma in tana kan keke ta ce “a sauka lafiya” ita kaɗai. Bayan layinsu babu wurin tsayawa sai an tsallake mahaɗar babban titi, inda babu fitilar ba da hannu, inda tirela da tankar mai suke gangarowa daga hagu.

Agogon bango ya nuna bakwai da minti ashirin da takwas. Ta yafa mayafi, ta ɗauki jaridar. Har yau ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauke ta ba.

Layin nasu dogo ne, an kuma haƙa rabinsa ana sa bututun ruwa. A nan silifas ɗaya ya maƙale a laka, ta bar shi. Mai shagon bakin layi yana jera kwalaye, ya ɗago ya ce, “Tela, ina zuwa haka ba sallama?” Ta wuce shi. Ta tsaya a bakin titi tana haki, tana kallon kwanar da motar za ta ɓullo. Daga inda take tana jin gurnanin manyan motoci a mahaɗa, ɗaya na bin ɗaya.

Motar ta ɓullo a kan lokaci. Ta ga yadda take tafiya: tayar hagu tana kan farin layin tsakiya, wani mai babur ya kauce yana zagi. Ta ɗaga hannu biyu, ta kaɗa jaridar, ta kira shi da sunan da ba ta faɗa a gaban mutane. Taku ɗari ne tsakaninsu, fuskarsa a bayyane ta gilashi. Bai juyo ba. Hon ɗin da ake yi mata shekara goma sha tara, yau babu.

Sannan ta gane inda take tsaye. Layinsu ta hagunsa yake.

Akwai tudun rage gudu a gaban shagon, kuma Agogo bai taɓa hawa tudu da gudu ba. Motar ta sassauta. Ta tsallaka titin ta gabanta, har ta ji zafin inji a gefen fuskarta, ta kai ɗaya ɓangaren, ta juyo ta tsaya a kan kwalta daidai fitilar dama, ta ɗaga takardar sama.

Birki ya yi ƙara. Waɗanda ke tsaye a ciki suka faɗa kan juna.

Ƙofa ta buɗe. Kwandasta, wani dattijo mai furfura a gemu, ya leƙo zai yi faɗa, ya gane ta ya ba ta hanya. Ta hau. Mijinta na zaune a kujerarsa, rigarsa a goge, hannunsa na hagu a kwance kan cinyarsa. Ya aske gefen dama na fuskarsa tas. Gefen hagu gashin jiya na nan.

“Ke, lafiyarki?” ya ce. Muryarsa kamar kullum. “Kin san minti nawa kike ci min?”

“Malam, kashe motar.”

“Wani ya rasu ne?”

“Babu wanda ya rasu. Kashe ta tukuna.”

Daga baya wani ya ce, “Baba direba, rigimar gida a bari sai yamma mana, za a rufe mana ƙofar masana'anta.” Wata mata ta ce, “Kuɗin cefane ne bai bari ba.” Aka yi dariya.

“Ina madubinka na hagu?” ta tambaye shi.

“Yana inda yake.” Bai duba ba.

Kwandasta ya matso kusa da ita ya rage murya. “Tun da na hau a tashar farko babu shi. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in kama aikina.”

Ta shimfiɗa jaridar a kan sitiyari. “Ka gama wannan?”

“Na gama. Minti tara. Ga naki nan na zagaye miki. A kan wannan kika tare mota?”

Ta tuna farantin Baba. Ta kama takardar ta juya ta, sama ta koma ƙasa, layi ukun nan suka dawo dama.

Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan gidan farko da babu komai, ya gangara da shi har ƙasa, yana ƙirgawa da leɓɓansa. Ta taɓa ganin mijinta yana fushi, ta ga hawayensa ranar da aka binne mahaifiyarsa, amma irin wannan fuskar ba ta taɓa gani ba.

“Wa ya goge?” ya ce.

“Babu wanda ya goge, Malam.”

A gabansu wata tankar mai ta ratsa mahaɗar daga hagu ba ta ko sassauta ba. Duk wanda ke kujerun gaba ya gan ta. Shi idonsa na kan gilashi, bai ƙifta ba.

“Ka ga tankar da ta wuce?”

“Wace tanka?”

Dariya ta ɗauke a motar. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya zare makulli ya miƙa mata. Ya ce wa kwandasta, “Sauke su ta ƙofar baya, a hankali. Ka ba su haƙuri.”

Mai shago ne ya kai su asibiti a motar kayansa. Hoton kai ya nuna jijiya ta toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, wataƙila tun yana barci. Likitar ta ce idanunsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta daina tambayar abin da ke hagu. Wasu yakan dawo musu cikin wata uku, wasu rabi, wasu ba ya dawowa. Shugaban gareji ya zo dubiya ran Laraba da lemo a leda. Bai yi maganar tumbi ba, bai kuma iya haɗa ido da ita ba.

Kowace safiya tana kawo masa jarida da fensir, ta zauna ta hagunsa kamar yadda likitar ta ce, ta riƙa kiransa har ya juyo. A rana ta tara ya sa lamba biyu a layi na uku daga hagu. Na farko da na biyu har yanzu fes suke. Gida ɗaya kuwa bai fasa zagaye mata ba.

Maganar madubi ce ba su yi ba. Takardar gareji ta nuna yana jikin motar da ƙarfe shida da minti goma. Daga gareji zuwa tashar farko kilomita uku ne, kuma mijinta kaɗai ne a ciki. 'Yan sanda sun bi hanyar sau biyu ba su tsinci ko gilashi ba, babu kuma asibitin da ya ba da rahoton wanda mota ta buge a safiyar. Shi ya ce bai ji ƙarar komai ba.

Ranar da abin ya faru, kafin su hau motar mai shago, ta zagaya ta hagun bas ɗin. A jikin ƙarfen madubin da ya karye akwai ƙyalle shuɗi, tsawon yatsa, ta cire ta sa a aljihu. Yana cikin akwatin zarenta yanzu. Ta san yadin, ta sha ɗinka shi. Ana yin rumfar shago da irinsa, ana kuma yin rigar masu sharar titi.