Kuɓewar Dona Geralda

Valdomiro ya kai shekara sittin da ɗaya kuɓewa ba ta wuce maƙogwaronsa ba, ban da sau ɗaya yana yaro, wanda ya ƙare da amai a kan takalmin kakarsa. Mutumin kudu ne, inda gasasshen nama shi ne abinci, saura duk 'yan rakiya. Gyaran keken ɗinki ne ya kawo shi birnin Belo Horizonte bayan rasuwar matarsa, kuma a kan wani tsohon keke mai tsinka zare ya haɗu da Neuza, tela ce da mijinta ya rasu tuntuni. Sau uku ya je gyaran keken nan. A zuwa na ukun lafiyar keken ƙalau, kuma su duka biyun sun san haka.

Bayan wata takwas ya yi mata maganar aure. Ta ajiye almakashi ta dube shi.

"Ni dai na yarda. Amma yayata Geralda ce ta raine ni, sai ka je gidan abincinta ka ci girkinta tukuna. Ranar Laraba ta ce."

"Me take dafawa ran Laraba?"

"Kaza da kuɓewa."

Valdomiro ya ce, "Ba ta buɗewa ran Alhamis?"

"Laraba ta ce, Miro."

Ran Laraba da tsakar rana ya sa farar rigarsa, shi da Neuza suka hau gangaren unguwar yana haki. Gidan abincin ba komai ba ne illa falon gidan Dona Geralda, tebur biyar da fanka mai kuka. Magina uku suna ci a kusurwa, ga wani tsoho, Seu Olegário, wanda ya shekara ashirin bai fasa cin rana a nan ba. Geralda ta fito daga kicin tana goge hannu, gajeriya ce kakkaura, da tabarau a kan hanci. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne likitan keken da ba ya ciwo?"

Magina suka tuntsire da dariya. Valdomiro ya ce, "Ni ne, Dona Geralda. Ina wuni?"

"Zauna, kada ka faɗi. Gangaren nan ya fi ƙarfin mutanen kudu."

Ta kawo tukunyar ƙarfe tana tururi, da shinkafa, da wake, da tuwon masara mai laushi. Ita da kanta ta zuba masa, ba ta kuwa yi rowar kuɓewa ba. Sannan ta ja kujera ta zauna daura da shi ta naɗe hannu.

Ya fara da kazar. Tsokar ta saki ƙashi tun kafin wuƙa ta taɓa ta, ga tafarnuwa, ga albasa da ta narke cikin romo. Ya dangwali tuwon ya kai baki, sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Rabonsa da abincin da aka tsaya a kansa haka tun matarsa tana da rai. Ya ci, ya ƙara, yana ture kuɓewar gefe a hankali, yana lulluɓe ta da ƙasusuwa. Neuza ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya yi kamar bai ji ba.

"Seu Valdomiro," in ji Geralda, "kabari kake haƙa wa kuɓewata?"

Tun a hanya ya shirya abin da zai ce: likita ne ya hana shi. Ya buɗe baki, ya dubi Neuza, ya ga yadda take murza gefen rigarta, sai ƙaryar ta ƙi fita.

"Dona Geralda, gaskiya ba na cin kuɓewa. Tun ina yaro na tsane ta. Kazar nan ban taɓa cin irinta ba, amma in na ce miki ina son kuɓewa na yi ƙarya. Ƙanwarki ce dai nake so."

Seu Olegário ya ajiye cokali. "Kai, ɗan'uwa, ka yi wasiyya kuwa?"

Geralda ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta juya ga ƙanwarta.

"Neuza, kin tuna marigayi mijinki? Faranti uku ya share a teburin nan, yana cewa bai taɓa cin kuɓewa mai daɗin tawa ba. Sai bayan biki na ji ashe a bayan gida ya amayar. Haka ya yi ta yi mana shekara goma sha tara, baki zuma, ciki wani abu dabam. Allah ya ji ƙansa."

"Yaya, don Allah, a gaban mutane?"

"Su waye mutane? Olegário ne fa."

Ta tashi ta shiga kicin, aka ji mai yana ƙara. Can ta dawo da kuɓewa guda ɗaya tal a ɗan faranti, an tsaga ta biyu an soya har gefenta ya yi ja, an matsa lemon tsami.

"Wannan ba jarrabawa ba ce, ka riga ka ci. In ka ga dama ka ɗanɗana, in ba ka so Olegário na nan."

Valdomiro ya ɗauki rabi. Magina suka daina tauna. Ya rufe ido ya jefa a baki, yana jiran yauƙin nan da ya sani, sai ya ji ta ƙurus-ƙurus, da gishiri da ɗan tsami. Ya tauna, ya haɗiye, ya jira cikinsa ya yi gardama, shiru.

"To?" in ji Geralda.

"Ba zan ce na kamu da sonta ba. Amma za mu iya gaisawa a hanya."

Nan fa ta saki dariya har tabarau ya zame. Ta ɗauke sauran rabin ta miƙa wa Olegário, ta ƙwala wa magina kira su matso da kujerunsu. Aka kawo kofi da cuku da alewar gwaiba, aka shiga gardamar ranar biki. Neuza tana son watan Mayu, Geralda ta ce Mayu ya yi nisa ga mutanen da suka kai shekarunsu, a yi kafin azumin Ista. Valdomiro ya ce in an yarda, shi zai gasa naman biki irin na garinsu.

"A tsakar gidana?" in ji Geralda. "To, ka zo ran Asabar ka gwada mu gani. Ni ma ina da abin da ba na ci, ba zan faɗa maka ba sai na ga hannunka."

Da suka fito, Neuza ta riƙe hannunsa a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba. Suna cikin gangarawa ta ce masa gobe za ta je kasuwa duba yadi, shi kuma ya nemo gawayi mai kyau, don yayarta ba ta yafe nama mai warin hayaƙi.