Sabon Kwalin Kinin

Daminar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sauro ya yi wa garin Garwa na Kamaru rubdugu. A ƙaramin asibitin da Dela ke aiki, can bakin unguwar Jambutu, babu gadon da ba yaro a kai, wani gadon ma biyu ne, kai da ƙafa.

Shekarar Dela goma sha bakwai tana aikin jinya. Jikar fatake ce, waɗanda suka zo daga Kano da tallan tufafi suka yi zamansu. Da likita takan yi Faransanci, da yawancin majinyata Fulatanci, amma in Bahaushe ya shigo, ita ake kira. Hannunta ya goge da aiki, jijiyar jariri ma ba ta yi mata gardama.

Ran nan da sassafe aka kawo Fati, 'yar shekara uku, jiki zafi rau, tana fizge-fizge. Ubanta Halliru mahauci ne, gidansu bai fi gida huɗu da na su Dela ba. Dokta Maurice ya duba ta ya ce zazzaɓin sauro ne mai tsanani, aka saka mata kinin na farko cikin ƙarin ruwa. Na biyu sai ƙarfe biyu na rana, kuma a hannun Dela ya faɗo.

Lissafin ba baƙo ba ne a wurinta. Nauyin yarinya kilo goma sha biyu, kowane kilo miligiram goma, ɗari da ashirin ke nan. 'Yar kwalbar da suka saba da ita ɗari uku ce cikin mililita biyu, wato layi takwas a jikin ƙaramin sirinji. Ta fasa wuyan kwalba, ta zuƙi layi takwas, ta zuba cikin ledar ruwan, ta rataye. Ta tsaya tana ƙirga ɗigo da agogon hannunta har ta daidaita shi yadda zai ɗauki awa huɗu, sannan ta wuce wajen wani yaro da ke amai.

Sai da ta dawo kwashe faranti za ta zubar da fasassun kwalabe, ta ɗaga wadda ta yi amfani da ita. Girmanta ɗaya da ta kullum, ruwan ciki ma kala ɗaya. Amma rubutun jikinta shuɗi ne, ita kuwa ta san na da baƙi ne. Ta matsa kusa da taga ta karanta. Ɗari shida cikin mililita biyu.

Layi takwas na wannan ninki biyu ne na abin da aka rubuta, ga kuma na safe bai gama barin jikin yarinyar ba. Ta san aikin kinin in ya yi yawa: ya kayar da sukarin jini, ya rikita bugun zuciya, wani har idonsa ya tafi.

Ba ta san lokacin da ta isa gadon ba. Ta murɗe makullin ruwan, ɗigo ya tsaya. Ta ɗaga murya ta kira abokiyar aikinta da ke can ƙarshen ɗakin.

"Clémentine! Ajiye sirinjin nan! Kada ki saka wa kowa kinin, karanta kwalbar tukuna!"

Clémentine ta tsaya cak, sirinji a hannu, ledoji uku jere a gabanta ba ta kai ga zuba wa ko ɗaya ba. Ta karanta, ta dafe ƙirji.

Dela ta dubi agogo, ƙarfe biyu da minti ashirin. Ta dubi ledar, ruwan bai yi wani ƙasa ba. Ta juya ga uwar yarinyar da ke zaune a bakin gado.

"Mairamu, don Allah gaya mini gaskiya. Kin taɓa wannan abin? Kin ƙara masa gudu?"

"Wallahi ban taɓa ba, Yaya Dela. Me ya faru?"

Dela ta ɗora yatsunta a kan wuyan hannun Fati tana bin bugun jini. Yana tafiya da sauri irin na mai zazzaɓi, amma a jere yake, ba ya tsallake. Minti ashirin cikin awa huɗu, kashi ɗaya ke nan cikin goma sha biyu. Abin da ya shiga jikin bai wuce miligiram ashirin ba. Ta sake lissafin daga farko, don a lokacin ba ta yarda da kanta ba, ya sake fitowa ashirin.

Halliru yana tsaye a bakin ƙofa, ko rigar mayanka bai canza ba. Wani tunani ya zo wa Dela: ta sauke ledar ta rataya wata, ta ce ruwan ne ya toshe. Ba wanda zai sani sai Clémentine. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, ta kuma ji kunyar zuwansa. Ta cire ledar, ta haɗa da kwalbar da katin yarinyar, ta nufi ofishin likita.

Dokta Maurice mutumin Kaele ne, mai ƙarancin magana. Ya saurare ta bai katse ta ba, ya juya kwalbar a hannunsa, ya jawo katin ya yi nasa lissafin a baya.

"Minti nawa?" ya tambaya da Faransanci.

"Ashirin. Na duba ledar, uwar ma ba ta taɓa ba."

"To, miligiram ashirin ya shiga. Mu je in gan ta."

Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjin Fati. Ya sa aka ba ta ruwan sukari, ya rubuta sabon awo bayan ya cire abin da ya riga ya shiga. Wannan karon Dela ta karanta kwalbar da ƙarfi, Clémentine ta maimaita, suka duba layin sirinji su biyu kafin a zuba. Aka aika wa Lucie mai ɗakin magani. Ta zo tana haki, ta ce tsohon kwali ya ƙare da tsakar rana, sabon kuwa daga wata ƙasa ya zo, don yanzu duk inda aka samu ake saye, ba ta lura ƙarfinsa ya bambanta ba. Ta fara kuka tana cewa laifinta ne.

"Ke kika miƙo, amma ni na fasa," in ji Dela. "Da ido a kaina, ban karanta ba."

Saura Halliru. Ta same shi a baranda.

"Baban Fati, na yi kuskure a maganin 'yarka. Na zuba fiye da yadda aka rubuta. Allah ya sa na gani da wuri na tsayar. Abin da ya shiga kaɗan ne, likita ya duba ya ce ba zai cuce ta ba."

Ya kafe ta da ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yaya Dela, ke fa na ce a kira da muka zo. Na ce in kina nan hankalina kwance."

"Na sani."

"Da ba ki gani ba fa?"

"Da ta sha wuya, watakila fiye da wuya. Ba zan ɓoye maka ba."

Ya shiga ya tsaya a kan 'yarsa, ya harɗe hannu, bai zauna ba.

Dela ta raba sauran aikinta da Clémentine, amma duk rubu'in awa tana gadon, ta taɓa bugun jini, ta ƙirga ɗigo, ta ɗaga fatar ido. Hadari ya haɗu ta wajen Binuwai, aka yi yayyafi, ya wuce. La'asar ta yi, ta gota.

Wajen ƙarfe biyar da rabi Fati ta motsa. Gumi ya karyo mata, ta buɗe ido. Dela ta ciro makullan da ke aljihunta ta riƙe su sama, ta damƙe don kada su yi ƙara, ta kai dama a hankali, ta kai hagu. Idon yarinyar ya bi su. Ta sake, ya sake bi. Sai Fati ta miƙa hannu za ta ƙwace, da aka hana ta, ta ɓare baki da kuka tana kiran Inna, wai kunu take so.

Mairamu ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Clémentine ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Dela kuwa sai ta zauna a bakin gadon da ke kusa, tana ta maimaita alhamdu lillahi a ranta.

Halliru ya sauke hannuwansa, ya ja dogon numfashi. Ya dubi Dela ya ce, "Da wata ce ta yi kuskuren, da ban ji labari ba." Sannan ya leƙa waje ya ga inda rana ta kai, ya yi salati, ya ce ashe bai yi la'asar ba. Ya tambayi inda ake ajiye buta, Dela ta nuna masa gindin famfo.