Amin Ɗin Mama

Tun da ɓarin jikinta ya shanye, kalma ɗaya ce ta rage a bakin Mama. Amin.

A kasuwar Jahun ta faɗi, ta je sayen gero. Can aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce hawan jini ne. Da aka sallame ta, Larai da yayanta Albarka suka dawo da ita gidan da suke haya a Limawa, suka shimfiɗa mata katifa a ƙasa kusa da taga. Hannun dama ba ya motsi, ƙafar dama ma haka. Baki ya ɗan karkace. Ido ɗaya ne yake bin mutum in ya gifta.

Su Larai Kiristoci ne, mutanen wani ƙauye ta kudancin Kano. Babansu malamin gona ne, aiki ya kawo shi Dutse lokacin da aka yanke Jigawa, kuma a nan ya rasu. Shi ya kafa musu al'adar gidan. Da ladanin masallacin bakin layi ya kira sallar asuba, sai Baba ya tashe su. Mutum ɗaya zai karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a, ya yi shiru, sannan Mama ta ce amin. Ita kaɗai take faɗa. Ba wanda ya sa dokar, haka kawai aka taso aka gani. Baba yakan ce, "Ni nake ɗora tukunya, uwarku take saukewa."

Bayan rasuwarsa karatun ya dawo kan Larai, don ita ce mai cin littafi a gidan. Har takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai ta karanta kafin ta yar.

To yanzu amin ɗin ya bar wurinsa. In an kawo kunu, amin. In an ɗauke wuta, amin. Matan zumunta sun zo daga coci da ankonsu, suka tsaya suna waƙa, Mama ta ce amin a tsakiyar baiti, wata ta kasa ci gaba ta fita waje. Fasto ma ya zo. Bai daɗe ba, don a shekarar aka ƙaddamar da shari'a, wasu 'yan coci suna ta ɗaure kaya suna komawa garuruwansu, shi kuma yana yawon yi musu addu'ar tafiya. Ranar Lahadi Larai takan zauna a benci ita kaɗai, ga fili hagu ga fili dama.

Albarka gyaran rediyo yake yi a kasuwa. Shi abin dariya ya mai da shi, wataƙila don kada ya yi kuka.

"Mama, akuyar maƙwabciyarmu Dada ta cinye zanenki na coci."

"Amin."

"Mama, Larai za ta auri ɗan dambe."

"Amin."

"Kin ji ko, Fasto Larai? An sa miki albarka."

"Yaya, ka bari mana."

"Ni zan bari? Ke ce za ki bari. Kullum ki tashi da asuba kina ɓata man fitila. Ba ta jin ki, Larai. Kamar rediyon da ya maƙale a tasha ɗaya ne, ko me ka murɗa abu ɗaya zai faɗa."

Larai ba ta ji haushinsa ba. Abin da yake damunta ke nan ma, in har za a kira shi damuwa: ba ta jin komai. Tana tashi, tana kunna fitila, tana buɗe Littafin inda tsinken tsintsiya yake, tana karantawa. Kalmomin suna fita daga bakinta kamar tana ƙirga tsakuwa. In ta rufe ido don addu'a, ba ta ganin kowa a can, sai jan hasken fitila a bayan fatar ido. Ba ta ce Allah ba ya nan ba. Ba ta ce yana nan ba. Takan gama, Mama ta ce amin, ta tashi ta ɗora ruwan wanka.

Wata asuba cikin damina, ladan ya yi kira, kwaɗi suna ta kuka a kududdufin bayan gida. Larai ta miƙa hannu kan akwatin Baba inda Littafin yake, sai hannunta ya taɓa wata tsohuwar ƙasida ta wajen aikinsa, mai hoton manomi yana murmushi. Ba ta shirya ba. Ba ta ma yi tunani mai tsawo ba. Ta buɗe Littafin a cinyarta, ta ɗora ƙasidar a kai, ta gyara murya irin wadda take karatu da ita kullum, a hankali, da ɗan ja a ƙarshen jimla.

"A jira sai an yi ruwa ƙasa ta jiƙa. A ɗebi taki cikin murfin kwalba. Kada a zuba shi a gindin shuka, a bar tazarar tsawon yatsa. A tona, a zuba, a rufe da ƙasa, domin in an bar shi a fili rana za ta cinye amfaninsa."

Ta karanta shafi guda har ƙasa, har inda aka yi maganar tsutsar gero. Sannan ta sunkuyar da kai, ta yi shiru irin shirun da ake yi wa Mama.

Kwaɗi suna kuka. A masallaci an tada salla.

Ta ɗago. Idon Mama mai kyau yana kanta. Ba hawaye, ba komai, kallo kawai. Bakin a rufe. Can sai Mama ta juyar da kai wajen bango, a hankali, don juyawar ma aiki ce a wurinta.

Larai ta mayar da ƙasidar kan akwati. Ta dama kunu ta kawo. Mama ba ta buɗe baki ba.

Da yamma Albarka ya dawo da rediyon wani a hammata.

"Mama, sannu da gida. An ce gobe za a naɗa ni gwamna."

Shiru.

"Mama? Na ce gwamna fa."

Ya ajiye rediyon, ya durƙusa ya taɓa goshinta, ya taɓa wuyanta. Ba zazzaɓi. Ya juyo.

"Me ya faru?"

"Takardar taki na karanta mata da safe."

"Takardar me?"

"Ta Baba. Ta takin zamani. Maimakon Littafi."

Ya fara dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ya daɗe yana kallon bayan kan Mama.

"Ashe tana ji," in ji shi. Shi ya ba ta kunu da daddare, ta karɓi cokali kaɗan daga hannunsa.

Washegari Larai ta karanta Littafin na gaskiya, daga inda tsinke yake. Ta yi addu'a. Ta yi shiru. Ba amin. Jibi ma haka. Ta gwada wuraren da ta san Mama tana so, waɗanda gefen takardarsu ya yi baƙi saboda yatsanta. Ta gwada cewa, "Mama, ki yi haƙuri," Mama ta kalli rufin kwano. Yanzu ko wuta aka ɗauke ba ta cewa komai. In Larai ce ta kawo abinci, baki a rufe, sai an jira Albarka. Ɗakin ya zama ba a jin komai sai tsiyayar ruwa daga indararo.

Larai ta san ya kamata ta ji ciwo. Kalma ɗaya ce ta rage wa uwarta, ita kuma ta taɓa ta ta faɗi. Ta nemi ciwon a ƙirjinta kamar mai laluben ashana cikin duhu, ba ta samu ba. Sai ta ci gaba da wanke zannuwa, da juya Mama don kada bayanta ya yi gyambo, da karatu in ladan ya kira.

Har wata asuba da ladan ya kira ba ta tashi ba. Idonta biyu. Tana kwance tana kallon duhu, tana cewa a ranta, to a karanta wa wa? Aka idar da salla, ta ji takun mutane suna komawa gida. Gari ya fara fari.

Sai aka buga katanga. Ƙwan, ƙwan, da muciya.

"Bingel! Ke yarinya, 'yar gidan malamin gona! Mutuwa kuka yi?"

Dada ce, tsohuwar Bafulatanar da ke maƙwabtaka da su. Ɗanta Zailani yana aiki a sakatariya, ya kawo ta birni, ita kuma ta ƙi rabuwa da saniyarta ɗaya da awakinta, tana sayar da fura da nono a ƙofar gida. Katangar da ke tsakaninsu gajeriya ce, ruwa ya ci samanta. Larai ta fito da zane a kafaɗa, ta tarar da kan Dada a saman katangar, da ɗankwali a karkace.

"Ina kwana, Dada."

"Ban kwana ba. Kin sa na makara. Ni in na idar da salla ina zaune ina lazimi, sai na ji kin fara gunaguninki, in kin gama in tashi in tatsi saniya. Yau ina ta zaune kamar wadda aka dasa, har saniya ta fara zagina."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri zan ba masu sayen nono? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi a bakinki. Ranar nan na ji kina wa'azin taki. Na ce to, yau Kiristoci gona za su. Na ƙaru kuwa, na gaya wa Zailani ya daina zuba wa geronsa a gindi."

Larai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafarta.

"Tun ranar kuma ban ƙara jin an rufe addu'ar ba," in ji Dada. "Sai ki yi ta yi, ki yi ta yi, ki tsaya cak. Ni ina nan da kunne a buɗe. Ba daɗi, wallahi. Kamar a ba mutum fura gaya."

"Mama ce take rufewa. Ta daina."

"Ke bakinki ciwo yake?"

"Ba ni nake faɗa ba, Dada. Tun Baba yana nan ita take faɗa."

"Oho."

Larai ta gyara zanen kafaɗarta. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma san me ya sa sai wannan tsohuwa mai muciya a hannu ba.

"Dada, ni ko na yi ba na jin komai. Ko kaɗan."

Dada ta dube ta, ta sosa kunne da ɗan yatsa.

"Wannan kuma ki tambayi fastonku, ni ban san kan addininku ba. Ni dai ki bar ni in san lokacin tatsa. Ungo." Ta miƙo ƙaramar ƙwaryar nono ta saman katanga. "Ki ba ta. Kada ke ki shanye, na ga wuyanki kamar na zabuwa."

Kan ya ɓace. Aka ji tana yi wa saniya faɗa da Fulatanci.

Nonon ya jira Albarka.

Washegari ruwa ake yi, mai ƙarfi, kwano yana ta ƙara, da ƙyar kiran salla ya ratso. Larai ta tashi. Ashana ta yi sanyi, sai a ta ƙarshe fitila ta kama. Mama idonta biyu, tana kallon rufi. Albarka yana kwance a bakin ƙofa ya ja zane har ka, don rumfar da yake kwana tana yoyo.

Ta buɗe inda tsinke yake. Ba wuri ne mai daɗi ba, sunaye ne jere, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Ba ta tsallake ba. Ta ɗaga murya saboda ruwan, ko Dada za ta ji. Da ta kai ƙarshen sura ta rufe ido. Jan hasken nan ne dai a bayan fatar ido, ba wani abu.

"Ya Uba," in ji ta, "ga mu mun tashi. Ga Mama. Ga Yaya. Ga Dada da saniyarta. Ga waɗanda suka tafi, ka kai su lafiya. Ni ka san yadda nake. Ga ni dai. Cikin sunan Yesu."

Ta yi shiru. Ta jira, don bakinta ya saba jira. Ruwa yana zuba a bokitin da aka tara.

Sai ta faɗa da kanta.

"Amin."

Kalmar ta fito a bushe, da ƙarfi fiye da yadda ta so, kamar ta ari takalmin wani. Ba abin da ya motsa a ƙirjinta. Daga ƙarƙashin zane Albarka ya yi wani gunaguni, ko amin ya ce ko juyi ya yi, ba ta tantance ba.

Mama ba ta ce komai ba. Idon dai ya sauko daga rufi ya tsaya a kanta.

Larai ta hura gawayi a bakin ƙofa, hayaƙi yana dawowa ciki saboda iska. Ta dama kunu, ta fifita shi, ta ɗago kan Mama ta jingina da cinyarta. Ta kai cokali bakin nan da ya karkace, ta riƙe shi a wurin. Hannunta ya fara gajiya.

Mama ta buɗe baki.

Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefe. Larai ta goge da bakin zane, ta sake ɗebowa. Da kofin ya kusa ƙarewa aka buga katanga sau ɗaya, sannan aka ji ƙarar ƙwarya da kukan ɗan maraƙi.

Ta kwantar da Mama, ta ɗauki tsinken tsintsiyar daga ƙasa, ta sa shi a shafi na gaba, ta rufe Littafin.