Sunan Mulindi a Jikin Gizo

Khayanga ta cire ɗan hannun gizon da tsinken allura, ta kwantar da shi cikin ruwan sinadari, ta sake kafa ido a madubin ƙara girma. Gizo-gizo mai tsalle ne, namiji, bai kai ƙwayar wake ba. A wannan ɗan hannun da ke gefen bakinsa ake rarrabe irinsu. Tun safe take gwada shi da zanen danginsa da aka sani, daga Uganda har Malawi, kuma babu wanda ƙayar ɗan hannunsa ta lanƙwashe haka.

Mijinta Mulindi ne ya kakkaɓo shi daga wani reshe a dajin Kakamega. A hanyarsa ta dawowa Nairobi motar hayar da ya shiga ta yi karo da tirela. Shi bai tsira ba, amma kwalaben da ke jakarsa ko tsagewa ba su yi ba. An binne shi a ƙauyensu, ita kuwa ta dawo aiki don ba ta san inda za ta zauna ba.

Ogolla, dattijon da suke ofis ɗaya, ya ajiye mata shayi da mandazi, irin fanken can.

"Dakta, sabon iri ne ko kuwa?"

"Sabo ne."

"Kai! Haka ake faɗar abin da mutum ya yi shekaru yana nema? Ni da na samu nawa sai da na yi rawa a kan teburin nan."

"Na ji labari," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ya daɗe a tsaye kafin ya ce, "Akwai wata tsohuwa a ƙofa. Ta ce surukarki ce."

Mama Shisia ta shigo sanye da rigar coci, da kaza a kwali a hammatarta. Motar dare ta biyo. Ta ƙi zama.

"A wurin jana'iza shugabanku ya tashi gaban mutane ya ce za a sa wa gizo sunan ɗana. Har yau ana yi mini dariya a kasuwa. A gidanmu jariri ake sa wa sunan mamaci, ke ma kin sani. Ba ku haihu ba, ban ce komai ba. Amma gizo?"

"Ba a riga an sa ba, Mama. Idan kin hana, shi ke nan."

"Shi ke nan? Ko gardama ba za ki yi ba?"

Khayanga ta dubi kazar. Ta nemi abin da za ta ji a ranta, fushi ko kunya, ba ta samu komai ba. Yunwa ma ba ta ji.

"To ina abin yake?" in ji tsohuwar. "In ga wanda ya cinye mini ɗa."

Ogolla ya jawo kujera ya rage mata tsawon madubin. Mama Shisia ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta sunkuya. Can ta ja baya da sauri.

"Yesu! Kallona yake yi!"

"Matacce ne, Mama," in ji Ogolla. "Idanunsa ne haka."

Ta sake sunkuyawa, wannan karon ta jima.

"Har da jan gashi a goshi. Ɗan iska, ya yi ado." Ta ɗago. "Ba wanda ya taɓa ganinsa?"

"Mutane sun gan shi," in ji Khayanga. "Ba wanda ya taɓa rubuta shi. Idan na zana shi, na bayyana siffarsa, aka buga, sunan da na sa ba mai canza shi. Ko a Japan aka yi maganarsa da sunan za a kira shi."

"Ko bayan na mutu?"

"Ko bayan duk mun mutu."

Tsohuwar ta zauna a kujerar da ta ƙi ɗazu. Ta ce tun Mulindi yana yaro aljihunsa cike yake da ƙwari, sau da yawa ta doke shi a kan haka. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin ɗan maƙwabta. Khayanga ta gane cewa ita ma tsohuwar ba ta jin komai.

"Rubuta in gani."

Khayanga ta rubuta a takarda: mulindii.

"Wannan wasalin na ƙarshe fa? Ya yi yawa."

"Ƙa'idar Latin ce. Ma'anarsa, na Mulindi."

Mama Shisia ta bi haruffan da yatsa, leɓenta na motsi.

"Idan ƙanwarsa ta haifi namiji, shi ma Mulindi ne. Kada ku ce kun riga mu."

"Ba za mu ce ba."

"To ci gaba da aikinki. Zan jira a nan."

Khayanga ta fiƙe fensir, ta jawo farar takarda, ta fara zana ƙayar daga tushe.