Muryar Baba, Ranar Alhamis

…kuma ai kai ka ce in yi. Kai ka ce. Da gira ka ce, ita kaɗai ta rage maka mai jin magana, amma dai ka ce.

Shayin nan ya huce. Wa ma ya ba ni? Kujerar roba, warin asibiti, ruwa na bin gilashin taga kamar kullum. Likitar ta ɗaga hoton ƙirjinka, Baba, tana nunawa da biro. Nan baƙi, iska ke nan. Nan fari fat. Huhun dama ya motse. Majina ta toshe hanya, iska ta daina shiga, sai ya manne kamar ledar da aka tsotse. Wai haka ciwon yake tafiya. Ya kashe jijiyoyin ƙafa, ya kashe na hannu, na harshe, yanzu ya iso kan na tari. Tari fa! Mutum ya rasa ƙarfin yin tari…

"Yana amfani da injin tarin nan?" in ji ta. Ni kuwa bakinta nake kallo, ina ɗaukar yadda take haɗiye ƙarshen magana. Ko a nan, Una? Ko a nan? Allah ya shirye ki.

Injin tari. Safe da yamma a kifa maka shi a fuska, ya hura, ya zuƙo. "Ni saniya ce da za a sa mini injin tatsa?" Kai da ka yi shekara talatin kana gwanjon shanu, ana jin muryarka har bayan coci — ga ni kan teburin kicin, shekarata shida, cokali ne gudumar gwanjona, ina sayar da kyanwarmu da muryarka, kana dariya har da hawaye. "Ja'irar nan ta sace mini baki!" Na kwaikwayi Fada Malachy yana wa'azi da mura. Na yi Goggo Bernie tana gulma a jana'iza. Da suka ce ka naɗi muryarka a na'ura tun kafin ta tafi, me ka ce? Me za ka yi da na'ura, ga aku a gida.

Aku.

Alhamis, sha ɗaya na safe. Sista Nuala, nas ɗin da ke kira duk mako don ta saurari numfashinka. "Ba shi wayar, Una, ba ke nake nema ba." Kwana biyar ka hana a sa injin. Asabar kuma babbar kasuwar shanu, yaya Donal ya yi alkawarin tura ka a keke ka sha ƙamshin kashin shanu ko da sau ɗaya ne — in Nuala ta ji wani abu, sai gadon asibiti. Ka dube ni. Girar ta tashi. Na saki haɓa, na nauyaya harshe, na amsa mata da muryarka…

"Lafiya lau, Nuala. Ke dai dalilin zuwa ganina kike nema."

"Tsohon banza! Injin fa?"

"Safe da yamma, kamar addu'a."

"To, madalla. Yau ma ka fi makon jiya."

Ka fi makon jiya! Na faɗi kan kujera ina riƙe ciki don dariya. Kai kuma kafaɗarka na rawa, ba sauti. Dariya ce. Dariya ce, ko? Ko iska kake nema ina ta…

Asabar ba kasuwa. Leɓɓanka shuɗi. Motar asibiti ta maƙale a caɓin ƙofar gona, Donal na turawa da takalmin roba yana zagin sama da ƙasa.

Yanzu kana can ciki, abin iska ɗaure a fuskarka, ana cusa tiyo a zuƙo abin da da injin ya fitar cikin minti biyar. Huhun zai buɗe? "Za mu gani." Likitar ta haɗiye ƙarshen.

Nuala tana hanya. Donal ya ce kuka take a waya. Wai shekara ashirin kunnenta bai taɓa yaudararta ba, wai yaya aka yi ba ta ji ba, laifinta ne. Laifinta!

Zan gaya mata. Zan ce wasa ne, shi ya sa ni, ban san ya kai haka ba. Ni nas ce? Ina zan san…

Talata.

A'a. Talata a kicin, na yi wa Donal kwaikwayonka kana neman shayi. "Una… kawo… sha…" Da ɗan tsayawar nan bayan kowace kalma. Da ɗan shessheƙar. Har da karkata dama. Donal ya ce, "Kai, yarinyar nan, har da sabon salon?" Sabon salo. Ashe kunnena ya ɗauka. Tun Talata ya ɗauka, ba abin da yake wuce shi, ba a taɓa yi ba.

Ranar Alhamis kuwa babu tsayawar. Babu shessheƙar. Jimla guda na ja mata ba hutu — ni na cire. Ban manta ba, cirewa na yi, don na san su take nema. Na ara maka huhuna lafiyayye na minti biyu, Baba, shi ta saurara…

Ga takun Nuala can. Na san shi, ƙafar hagu tana ɗan ja, zan iya yinsa ido rufe. Ta ganni. Tana buɗe mini hannu.

Da wace murya zan… tawa fa? Yaya ma take fita?